Jagora a Sahun 'Yan Amshi: Nazarin Ɗanƙwairo da David Bowie

A ƙungiyar kiɗan fada, jagora shi ne mai ƙulla waƙa da rera ta, kuma da sunansa ake kiran ƙungiyar. 'Yan amshi su ne masu karɓa masa, galibi su ne kuma ke riƙe da kotso ko taushi. Daudun kiɗa shi ne mataimakin jagora. Abin da muke nufi da sajewa kuwa shi ne mawaƙi mai fitacciyar murya ya shiga sahu har a daina ware shi daga saura. Mun kasa ta gida biyu: sajewar tasowa da sajewar komowa.

Sajewar tasowa ita ƙasar Sakkwato ta sani. Musa Ɗanƙwairo ya yi Daudun kiɗa a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna a Maradun, yana amshi kamar kowa, har zaƙin muryarsa ya fitar da shi, ya jagoranci tasa ƙungiyar zuwa rasuwarsa a 1991. Abin lura a waƙoƙinsa shi ne 'yan amshi ba maimaici kawai suke yi ba, sukan karɓe baiti su ƙarasa shi, wani lokaci su rera fiye da jagoran. Duk da haka, in waƙar ta tashi a teburin mai shayi a Ƙofar Kware ta Sakkwato, abin da za a ce shi ne "Ɗanƙwairo ne". Masu sauraro ba sa raba suna yadda aka raba aiki.

Sajewar komowa ta fi wuya, domin mai suna ne ke neman ajiye sunansa. David Bowie, tauraron rok na Ingila (rok kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna), ya gwada ta a 1988, bayan faifansa na 1987 ya sha suka. Ya kafa ƙungiyar Tin Machine tare da Reeves Gabrels da wasu 'yan'uwa biyu, Tony da Hunt Sales, bisa sharaɗin a raba riba daidai, a kuma gana da 'yan jarida tare. Sun fitar da faifai a 1989 da 1991.

A ganinmu niyyar ta gaskiya ce, sai dai sharaɗin ya ɗaure mutum huɗu ne kawai, bai ɗaure masu sayen tikiti ba, waɗanda Bowie suka zo kallo. Ƙungiyar ta watse a 1992. Gabrels ya ci gaba da kaɗa masa jita har 1999, amma a faya-fayen da ke ɗauke da sunan Bowie shi kaɗai.