Songor: Tafkin da Gishirinsa Ya Kai Salaga

In aka ambaci hanyar Gwanja a gaban Bahaushe, goro ne ke fara faɗo masa a rai. Haka labarin ya zo mana: madugu a gaba, jakuna a biye, a taso daga Kano ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana tafiya, a sauka Salaga, a juyo da goron Asante. Amma fatake ba goro suke ci su kwanta ba. Miyar zango tana son gishiri. Wani gishirin kasuwar Salaga daga Daboya yake zuwa, a bakin Farin Volta. Wani kuwa daga bakin teku yake haurowa cikin kwalekwale, daga wani tafki mai suna Songor a ƙasar Ada. Ni da na tashi a zangon Kumasi ina jin tsofaffi suna labarin Salaga, wannan gefen na labarin ne ya sa na ɗauki keke na nufi Ada.

Ada tana gabas da Akra da kimanin kilomita 100, daidai inda kogin Volta yake faɗawa teku. Songor yana yamma da bakin kogin, kuma wani siririn tudun yashi ne ya raba shi da teku. A kan tudun nan ƙauyukan masunta suke jere: Pute, Totope, Lolonya, Akplabanya, Anyamam. Na sauka daga babban titin Akra zuwa Aflao a garin Sege, na yi kudu. Ƙasar shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, keke sai gudu. Inuwa ce dai babu, don haka mai hankali da asuba yake fita. Can gaba sai ciyawa ta gajarce, ƙasa ta fara yin fari, tayar keke ta fara nutsewa cikin baƙin taɓon da ke ƙarƙashin ɓawon gishiri. Nan ake jingine keke a kama tafiyar ƙasa. Matan da ke kwasar gishiri safa suke sawa a kan safa, wasu da takalmin roba, don gishiri yana tsaga ƙafa, in ya shiga tsagar kuma sai mutum ya ji a jikinsa.

Abin da ya sa wurin yake haifar gishiri a fili yake. Wannan yanki na bakin tekun Gana ruwan samansa kaɗan ne, bai cika kai milimita 900 a shekara ba. Tafkin kuma ba shi da zurfi. Ruwan teku ya shigo ya kwanta, hunturu ya sauko daga arewa da busasshiyar iskarsa, rana ta yi aikinta, daga Disamba zuwa wajen Afrilu sai gishiri ya daskare da kansa. Ba a haƙa shi, ba a dafa shi, kwasa kawai ake yi a wanke a tara.

Mutanen Ada, masu magana da harshen Dangme, suna da labarin yadda tafkin ya zo hannunsu. Suka ce wani maharbi na zuriyar Tekperbiawe ne ya bi sawun dabbar da ya harba, har ya iske wata tsohuwa da suke kira Yomo, ta damƙa masa amanar tafkin bisa sharuɗɗa. Ko mutum ya yarda da labarin ko bai yarda ba, tsarin da ya fito daga cikinsa ya yi aiki shekaru aru-aru. Akwai mai kula da tsafin tafkin, shi ke hana shiga har sai gishiri ya nuna, shi kuma ke ba da izinin farawa, kamar dai yadda sarkin ruwa yake buɗe su a ƙasar Kabi. In an buɗe, kowa ya shiga, ɗan gari da baƙo, namiji da mace, ya kwashi iya ƙarfinsa, ya ba masu riƙe da amana rabonsu. Ba wanda yake cewa nan gonata ce. A ganina wannan ne ginshiƙin tarihin Songor, kuma duk rikicin da ya biyo baya a kansa yake.

Dukiya irin wannan ba ta rasa masu kwaɗayi. A ƙarni na 18 mutanen Ada da Anlo na tsallaken kogi sun gwabza sau da dama a kan kamun kifi da cinikin gishiri a bakin Volta. Turawan Denmak suka shiga tsakani don ribar kansu: suka gina ganuwar Kongensten a Ada a 1783, suka mara wa Ada baya a yaƙinsu da Anlo na 1784, suka kuma gina Prinzenstein a Keta a wannan shekarar. A 1850 suka sayar wa Ingila duk ganuwoyinsu na wannan gaɓa a kan fam 10,000. Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: waɗannan gidajen cinikin bayi ne, kuma kwalekwalen da ya haura da gishiri sau da yawa da mutane yake gangarowa. Gishirin Ada yana cikin abin da aka sayi bayi da shi a kasuwannin arewa, kuma Salaga, inda kakanninmu suka yi ciniki, babbar kasuwar bayi ce.

Haurawa da kaya a Volta ba wasa ba ne, don akwai wuraren da duwatsu suka tare ruwa, sai an sauke kaya an ɗauka a ka. Krachi tana ɗaya daga irin waɗannan wurare, shi ya sa mai tsafin Dente na garin ya yi ƙarfi, yana karɓar rabonsa daga masu wucewa da gishiri. Da Ingila ta ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, hanyar kogi ta ƙara buɗewa. Sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, da yawansu suka koma Kete, zangon Krachi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete ya kuma rasu a can a 1934. A kasuwar Kete ɗan Ada yake sauke gishiri, Bahaushe ya saya ya yi arewa da shi. Daga baya motocin lori suka ƙwace wa kwalekwale ciniki, amma gishirin bai daina tafiya ba. Har gobe ana loda shi zuwa arewacin Gana da Burkina Faso da Togo.

Madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965 zamanin Nkrumah, ta taɓa hanyar nan kai da gindi. A sama, tafkin Volta ya haɗiye tsohuwar Kete-Krachi, aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwan da ruwa ya ci. A ƙasa kuwa, ambaliyar shekara-shekara da ke turo ruwa cikin rafukan da ke shiga Songor ta tsaya, yashin da kogi ke kawowa bakin teku ya maƙale a bayan madatsa. Teku ta shiga cin gaɓa. Kongensten kusan duk ta tafi cikin ruwa. A Totope na tura keke ta gefen gidajen da yashi ya binne har taga.

A farkon shekarun 1970 aka ba kamfanoni biyu, Vacuum Salt da Star Chemicals, hayar manyan sassan tafkin. Mutanen da kakanninsu suka kwashi gishiri ba shamaki suka wayi gari ana kama su a kan sata. Suka kafa ƙungiyar haɗin kai, rikici ya yi ta ruruwa, har ranar 17 ga Mayu 1985 harsashin 'yan sanda ya kashe wata mai ciki, Margaret Kuwornu, a wani samame kan masu kwasar gishiri. Mutuwarta ta girgiza gwamnatin Rawlings. Aka zana babban tsarin raya tafkin a 1991 da taimakon ƙwararru daga Kyuba, a 1992 kuma doka mai lamba 287 ta soke hayar, ta sa Songor a hannun gwamnati a matsayin amanar mutanen Ada.

Tsarin nan bai tashi daga kan takarda ba, sai ɓarna ta fito daga cikin gida. Masu kuɗi da masu faɗa a ji suka shiga yanka tafkin gida-gida, kowa ya tayar da bangon taɓo ya kewaye nasa, ya sa injin jan ruwa. Su ne ake kira atsiakpo. Daga cikin mota fari kawai za ka hango. Sai ka taka a kan waɗannan bangaye, kana gocewa mata masu daro a ka, za ka gane cewa kowane fili da mai shi, kuma matan nan ƙwadago suke yi, ana biyansu a kan daro. Wannan ne ya sa mata suka kafa ƙungiyar Yihi Katseme suna neman a mayar da tafkin na kowa, gidan rediyon al'umma na Ada kuma ya ba su murya.

A 2020 majalisar dokokin Gana ta amince a ba kamfanin Electrochem hayar eka 41,000 na tsawon shekara 15. Kamfanin ya ce ya maido da ruwa cikin tafkin da ya ƙafe, ya samar da aiki, ya ware wa ƙauyuka wuraren kwasa. Masu adawa suka ce an sake rufe musu ƙofar abinci. Ga kuma wasu masu haƙƙi da ba sa magana: tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da kunkurun teku da ke ƙwai a yashin gaɓa, waɗanda saboda su aka sa Songor cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1992, UNESCO kuma ta amince da shi a matsayin wurin kiyaye halittu a 2011.

Ban ƙi inji ba, ban ƙi jari ba, don tafkin da madatsa ta yanke wa ruwa ba zai koma yadda yake da addu'a kaɗai ba. Amma tarihin shekara hamsin ɗin nan ya nuna abu guda: duk lokacin da aka kewaye Songor, ko kamfani ne ya kewaye ko ɗan gari, zaman lafiya yana barin Ada. Duk yarjejeniyar da ba ta bar wa mace mai daro wurin da za ta kwashi gishirin kanta ta sayar da kanta ba, ba za ta ɗore ba.