Daga Kafe Zuwa Ɗakin Maigida

Kafin 2001, mai son intanet a gidansa a Kano sai ya fara mallakar layin wayar NITEL, alhali layukan da ke duk faɗin Najeriya a lokacin ba su kai rabin miliyan ba. Wanda ya samu, ya jona da kwamfuta, ya zauna yana sauraron ƙarar modem kamar ana kankare ƙanzon tukunya, hoto guda ya riƙa saukowa layi-layi. Mu da ba mu da layi, kafe muka sani.

Ina cikin yaran da suka yi aikin kafe a wancan zamani. Kwanon tauraron ɗan'adam ne a kan rufi, ana yanka wa mutum tikitin rabin awa ko awa ɗaya, kwamfutocin shagon duka suna rabon ɗan abin da kwanon ya kamo. Ilimin gyaranmu bai da yawa. In shafi ya ƙi buɗewa, a leƙa waje a ga ko hadari ya haɗo, don ruwan sama na kashe sigina. A duba janareta. A kori wanda ya ɓoye yana sauke fim. In duk an rasa, a kashe a kunna. Alhaji ya zo aika saƙo Dubai, lokacinsa na tafiya, ka ce masa, “Ranka ya daɗe, daga can ne.” Kuma yawanci daga can ɗin ne.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, ana sayar da layi ɗaya a kan naira dubu ashirin ko fiye. Magana kaɗai aka samu da farko. Intanet ta biyo baya da ’yan modem masu siffar filash, irin na Starcomms da Visafone, sannan na kamfanonin GSM bayan lasisin 3G na 2007. Su suka fara cin kasuwarmu. Ɗalibi ya sayi doguwar waya ya rataye modem a taga, ya daina zuwa kafe sai ranar rajistar JAMB ko duba sakamakon WAEC. Shaguna da yawa suka koma hoton fasfo da fotokwafi.

Babban sauyin a bakin teku ya faru. Shekaru, igiyar SAT-3 ce kaɗai ta haɗa ƙasar da waje ta ƙarƙashin ruwa, tana hannun NITEL. A 2010 Main One da Glo-1 suka fara aiki, WACS ta biyo a 2012. Dukansu a Legas suka sauka, tsakaninta da Kano kuwa kusan kilomita dubu ne, kuma wayar da ke ɗauko mana rabonmu gefen titi take bi, inda motar gyaran hanya kan tsinke ta.

Da 4G ta yaɗu daga 2016, MiFi da rauta suka shiga gidaje, nan ne kuma aikin ya canja. Abin da yawancinmu ke kira Wi-Fi na gida layin waya ne a cikin akwati. Tafiyar zango biyu ce: daga ƙarfen sabis zuwa akwatin, daga akwatin zuwa wayarka. Mutane na haɗe su wuri guda su ce netwok ba kyau, su zagi kamfani, alhali sau da yawa laifin yana zango na biyu, cikin gida. Mai gyaran kirki a kasuwar waya ta Farm Centre ba ya fara kwance na’ura. Cewa zai yi ka cire layin ka sa a waya: in nan ma yana ja, matsalar ta waje ce, in ya yi gudu, ka koma ka duba inda ka ajiye akwatin.

Inda ake ajiye shi kuwa abin dariya ne. Maigida zai kulle shi a ɗakinsa, wani har cikin durowa don kada yara su taɓa, sannan uwargida da ke can ƙarshen tsakar gida, bayan bango uku na siminti da rodi, ta yi ƙorafi. Katangar laka mai kauri ma ba ta raga wa sigina. Wata rautar tana ba da sigina iri biyu, 2.4 da 5: na 5 ya fi sauri amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi nisa amma shi ne rautocin maƙwabta suka cunkushe. Ga zafin watan Afrilu da ke kumbura batirin MiFi da aka bari a caji dare da rana. Ga lambar sirri da yaro ya ba abokinsa, kafin mako ta zagaye majalisar ƙofar gida. A ganina, wanda ya ɗaga akwatin sama kusa da taga, a tsakiyar gida, ya canja lambar, ya yi rabin gyara bai biya kowa ba. Jan da ake gani bayan sallar Isha’i dabam ne: unguwa ce gaba ɗaya ta hau ƙarfe guda.

Wani lokaci dai har yanzu daga can ne. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da Main One da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa. Bankuna suka tsaya, masu POS suka zauna, mutane suka yi ta ɗaukar rautoci lafiyayyu suna kai wa masu gyara, gyaran igiyoyin kuwa sai da ya ɗauki makonni ana jiran jiragen ruwa.