Kifin da Aka Daina Kashewa: Tarihin Fatsa a Tsibiran Fulorida

A kudancin jihar Fulorida ta Amurka akwai jerin ƙananan tsibirai da ake kira Keys. Ruwan tekun da ke kewaye da su a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, kuma garau yake har kana hango ƙasa. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da manyan kifayen tarfon ke ratsowa ayari-ayari, masu fatsa kan cika wurin. Su biya kuɗi mai yawa, su wuni cikin rana, in sun kama kifi kuma su sake shi. Ba haka aka faro ba.

Tarfon ƙato ne, yakan haura kilo 45, ɓawonsa na ƙyalli kamar azurfa. Da can da mashi ake kashe shi, don ana ganin zaren fatsa ba zai riƙe shi ba. A 1885 wani mutumin New York mai suna W. H. Wood ya kama mai nauyin kusan kilo 42 da sandar fatsa a kusa da tsibirin Sanibel, a gaɓar yammacin jihar. Labarin ya bazu, attajirai suka fara tururuwa. Namansa ƙaya ce zalla, ba a damu da cinsa ba. Sai a rataye shi a bakin ruwa, a ɗauki hoto, a jefar.

Su kuwa tsibiran Keys, jirgin ƙasa ne ya buɗe su. A 1912 layin dogon da Henry Flagler ya shimfiɗa bisa teku ya isa Key West. Guguwar Satumbar 1935 ta ragargaza shi, ta kashe mutum sama da 400. A kan gadojin da suka tsira aka gina titin mota, aka buɗe shi a 1938. Daga nan garin Islamorada ya zama zangon masu fatsa.

A can aka gwada wata dabara da aka aro daga masu kamun kifi a rafuka. Ba a sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaurawa su yi kama da jatan lande ko ɗan ƙaramin kifi, kuma nauyin zaren ne ke kai ƙugiyar nesa. Jagora yana bayan kwalekwale yana tura shi da doguwar sanda, inji a kashe, mai fatsa yana gaba. Sai an ga kifi da ido kafin a jefa. Kifin da ya fi gwada gwaninta a nan shi ne bonfish, mai tsananin tsoro da gudu, wanda inuwar zare kaɗai kan kora. Ana danganta kamunsa na farko da wannan dabara ga jagora Bill Smith a 1939, sannan marubuci Joe Brooks ya yayata ta bayan fitarsa da jagora Jimmie Albright a 1947.

Jagororin ne suka fara lura cewa kifi na raguwa, kuma lissafin a fili yake: wanda aka rataye ya tafi ke nan, wanda aka saki kuwa wani baƙon zai sake biya don ya neme shi. A 1994 mutanen Fulorida suka kaɗa ƙuri'ar hana ragar da ke sarƙe kifi a ruwan jihar. A 2013 aka wajabta sakin bonfish da tarfon, har aka hana ɗaga tarfon da ya wuce inci 40 daga cikin ruwa.

Sai dai doka ta kare kifin ne, ba ta kare gidansa ba. Mashigin tekun Fulorida, wanda ke arewa da tsibiran, yana dogara da ruwan daɗi da ke gangarowa daga tafkin Okeechobee ta cikin fadamar Everglades. Magudanun da aka haƙa don noma da gine-gine, da titin Tamiami da aka gama a 1928, sun tare wannan ruwa. Da ya ragu sai gishiri ya yi yawa. A 1987, da kuma 2015, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu a fili mai faɗin gaske, kuma cikinta ƙaguwa da jatan landen da bonfish ke ci suke zama.

A 2000 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin maido wa Everglades ruwanta. A 2013 aka buɗe gada mai tsawon mil ɗaya a titin Tamiami don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, kuma har yau aikin bai ƙare ba. An ɗauki shekara 128 daga kifin Wood zuwa dokar saki. Yanzu abincin jagoran Islamorada ya rataya ne a kan yawan ruwan da za a bari ya gangaro masa daga arewa.