3.2 Asali da Ma'anar Kalmar "Fir'auna"

A Kirikasamma da sauran garuruwan ƙasar Haɗejiya, kamar yadda yake a ko'ina a ƙasar Hausa, idan aka ce wa mutum "fir'auna" ana nufin azzalumi ne mai girman kai, ana kuma kiran halinsa "fir'aunanci". Jama'a da dama sun ɗauka cewa sunan yanka ne na sarkin da ya yi zamani da Annabi Musa (AS). Wannan sashe zai nuna cewa kalmar laƙabin sarauta ce, kuma tun farko ba ta ɗauke da ma'anar zalunci.

Asalin kalmar daga tsohon harshen Masar ne, wanda Champollion ɗan ƙasar Faransa ya gano yadda ake karanta rubutunsa a 1822. Kalmomi biyu aka haɗa: "per" wato gida, da "aa" wato babba. Ke nan "per-aa" tana nufin babban gida, watau fadar sarki. Da wannan ma'ana aka yi ta amfani da ita tsawon ƙarnoni. Sai a zamanin daula ta 18 aka fara kiran sarki da kansa da ita, kamar yadda aka gani a wata wasiƙa da aka aika wa Sarki Akhenaten, wanda ya yi mulki wajen 1353 zuwa 1336 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan sauyi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin shi ma yakan ce "fada ta yi kira" alhali sarki yake nufi.

Daga Masar kalmar ta shiga Ibrananci a matsayin "Par'o", ta kuma zo a Larabci a matsayin "Fir'aun". Ta zo sau 74 a cikin Alƙur'ani, duk dangane da sarkin zamanin Annabi Musa (AS). Sarkin da ke cikin Suratu Yusuf kuwa "Malik" aka kira shi. Ta hanyar karatun allo da tafsiri Hausawa suka karɓe ta, suka ƙara mata wasalin "a" a ƙarshe, saboda yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa.

Bisa ga wannan bayani, kalmar ta bi matakai uku: gini, sannan mai sarauta, sannan hali. Ma'anar zalunci ta samo tushe ne daga ƙissar sarki guda. Don haka wajibi ne ɗalibin tarihi ya bambance Fir'aunan ƙissa da sauran sarakunan Masar da suka riƙe wannan laƙabi.