Wa Ya Biya Kuɗin Jirgi? Littafin Tafiya daga Damargu zuwa Kyuba

Tun daga 26 ga Yuli 2023, da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, sunan Kyuba ya shiga bakin masu fadar shayi daga Tanut zuwa Ollelewa har Belbeji. Wasu su ce ga tsibiri nan a bakin ƙofar Amurka, tun 1962 yake cikin takunkumi bai durƙusa ba, har likitoci yake aiko mana. Wasu su ce je ka tambayi masu layin abinci a Habana, ko ka tuna yadda wuta ta ɗauke a ƙasar gaba ɗaya a Oktoban 2024. An ɗage takunkumin CEDEAO tun Fabrairun 2024, gardamar kuwa tana nan, kuma duk ɓangarorin biyu da guntayen bidiyon waya suke kafa hujja.

Mutanen Barazil sun taɓa shiga irin wannan duhu. Bayan juyin mulkin 1964 sojojinsu sun yanke hulɗa da Kyuba, zuwa can ya zama abin da ke jawo wa mutum idon hukuma. Duk da haka wani matashin ɗan jarida, Fernando Morais, ya bi ta zagaye ya isa, ya shiga makarantu da asibitoci da gonakin rake, ya duba katin rabon abinci, ya dawo ya fitar da A Ilha, wato Tsibirin, a 1976. An yi ta sake buga shi cikin shekara 10 kafin ƙasashen biyu su maido da hulɗa a 1986. A 2026 yake cika shekara 50. An zargi Morais da sassauta wa Fidel Castro kan fursunonin siyasa da toshe bakin jarida, kuma ina ganin zargin yana da tushe. Amma ya je, ya gani, ya rubuta da harshen da direban mota a ƙasarsu yake ji. To mu Hausawa, da muka fi kowa yawo a Afirka ta Yamma, yaya tarihin irin wannan littafi yake a wurinmu?

Farkonsa a bakin fatake da alhazai yake. Masu zuwa Gwanja sayen goro, masu bin ayarin gishiri, masu tafiya Makka a ƙasa su shekara bakwai, kowa ya dawo da labari, malamai kuma suka tsara wasu cikin waƙoƙin ajami. Yawancinsa ya tafi da masu shi.

A rubuce kuwa, baƙi ne suka fara ba da labarinmu. A Janairun 1851 Turawa uku, Richardson da Barth da Overweg, suka gangaro daga Abzin tare da ayarin gishirin Kel Owi, suka sauka a Damargu, ƙasar da Abzinawa ke auno gero. A Tagelel suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, ya mutu cikin watan Maris kafin ya kai Kukawa. Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth ya bi Tasawa da Katsina zuwa Kano. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyinsu, shi ya sa rijiyoyinmu da rumbunanmu suka shiga littattafan Landan tun kakanninmu ba su san an rubuta su ba.

Cikin wannan tafiya ne aka sami Dorugu, wanda ya kamata kowane ɗan makaranta a jihar Damagaram ya san sunansa. Yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance, aka kama shi bawa aka kai Barno. Overweg ya 'yanta shi, da Overweg ya mutu a 1852 sai ya koma hannun Barth, ya bi shi har Tambutu, sannan suka ƙetare sahara zuwa Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan, Schön, ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa: yadda aka kama shi, garuruwan da ya ratsa, yadda Turawa ke zama su ci abinci. Labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Daga baya Dorugu ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912. Bahaushen farko ke nan da ya kwatanta wani tsibirin Turai da Hausa, kuma ba shi ya zaɓi inda za shi ba, ba shi ya riƙe alƙalamin ba.

Ɗan jarida na sosai sai a 1943. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a Zariya a Janairun 1939. Ana tsakiyar yaƙin Hitila Turawa suka gayyaci editocin Afirka ta Yamma su zo su ga Ingila, Imam na ciki, Nnamdi Azikiwe na West African Pilot na ciki. Ingilar da suka tarar ba irin wadda Joji ke nunawa a bariki ba ce. Ƙasa ce mai cin abinci da kati, mata na aikin masana'anta, bam ya rushe unguwanni, kuma tun Disamban 1942 rahoton Beveridge ya sa kowa maganar haƙƙin talaka a kan gwamnati. Azikiwe ya rubuta takardar neman mulkin kai cikin shekara 15, Imam ya ƙi sa hannu. Har yau ana yi masa gori a kan wannan, ni kuwa ina ganin gorin ya yi yawa, don a tafiyar nan ce ya zauna da tsohon gwamna Lugga, ya bi shi da wasiƙu yana zayyana masa zaluncin da ake yi wa talaka a ƙarƙashin En'e da yadda aka mayar da 'yan boko saniyar ware. A 1944 ya fitar da Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayansa kaɗan Malam Aminu Kano ya je karatu Landan a 1946, lokacin da jam'iyyar Leba ta Attlee ke mayar da ma'adinan kwal hannun gwamnati tana shirya asibitin kyauta ga kowa. In akwai tsibirin da ya ɗan ɗanɗana gurguzu a idon marubucin Hausa, to wannan Ingilar ce. Ya dawo da ra'ayin da ya reni jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a 1950, ya kuma bar mana nasa littafin tafiya, Motsi Ya Fi Zama.

Duba jerin nan da kyau: Dorugu Ingila, Imam Ingila, Malam Aminu Ingila. Me ya sa? Ana ba da amsoshi uku, ba wadda ta gamsar da ni. Na farko, wai Bahaushe ba ya karatu. Wanda ya ga yadda matan aure da 'yan mata suka riƙa wawason littattafan soyayya na Kano daga shekarun 1980, har Damagaram da Maraɗi ana hayarsu, ba zai faɗi haka ba. Na biyu, wai addini ne ya sa muka juya wa ƙasashen gurguzu baya. Akwai ƙamshin gaskiya, malamai da yawa sun ɗauki gurguzu kafirci ne tsantsa. Sai dai 'yan Sawaba na Djibo Bakary Musulmi ne masu salla, kuma bayan haramta jam'iyyar a 1959 samarinsu sun bazu Aljeriya da Sin da Tarayyar Sobiyet. Na uku, wai rediyo ya maye gurbin littafi: BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979. Wannan ta fi ƙarfi, amma rediyo bai hana mutanen Barazil sayen Morais ba.

Ni a ganina maganar kuɗin jirgi ce da injin ɗab'i. Imam ya sami wanda ya biya masa jirgin ruwa, ya dawo ya tarar da maɗaba'a a Zariya tana jiransa, da makarantun da za su saya. Ɗan Sawaba da ya dawo daga Gabas ɗan sanda ya tarar yana jiransa, musamman bayan tawayen 1964, takarda mai ɗauke da sunan irin waɗannan ƙasashe kuwa hujja ce a kansa. Wanda ya tsira ya riƙe alƙalami, kamar Abdoulaye Mamani da ya yi gudun hijira a Aljeriya, da Faransanci ya rubuta, don lakwal ɗin Faransa ba ta taɓa ba Hausa gurbin da Ingilishi suka ba ta a Katsina da Zariya ba. Wannan rauni na Nijar ne musamman, kuma mu muka ci gaba da shi shekaru da dama bayan 1960.

Abin da ke ci mini rai shi ne shaidun suna nan da ransu. Kyuba ta tura sojoji Angola a Nuwamban 1975, a watan da Murtala Muhammed ya amince da gwamnatin MPLA. Daga 1977 ta buɗe makarantu ga dubban yaran Afirka a Tsibirin Matasa, a 1999 ta kafa makarantar likitanci ta ELAM da ke ɗaukar 'ya'yan talakawan wasu ƙasashe kyauta, a 2014 ta aika likitoci Saliyo da Laberiya da Gini lokacin Ebola. Cikin waɗanda suka yi karatu can akwai 'yan Nijar da 'yan Najeriya masu jin Hausa da Sifaniyanci, sun shekara shida ko fiye suna cin shinkafa da wake na rabo, sun san abin da albashin likita ke saye a kasuwar Habana, sun san kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi a can. Sun ga ƙasar da ta rage jahilci daga kusan kashi 23 cikin ɗari zuwa kusan 4 a gangamin 1961, sun kuma ga 'ya'yanta na tserewa ta teku. Morais baƙo ne mai wucewa, su zama suka yi.

Yau ba a bukatar gwamna ko wani Bature ya biya kuɗin jirgi. Akwai maɗaba'u a Kano da Yamai, akwai gidajen rediyon karkara da za su karanta babi babi ga wanda bai yi boko ba. Abin da ya rage shi ne ɗan jarida ya nemi waɗannan likitoci a asibitocin da suke aiki, ya zaunar da su kamar yadda Schön ya zaunar da Dorugu, amma wannan karon sunansu a bangon littafin, kuma mu za mu biya kuɗin bugawa.