Alamomin Hasashen Murmurewa Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Shanyewar ɓarin jiki na aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Likitoci kan dogara da wasu alamomi don hasashen murmurewar majinyaci.

Tsarin PREP2, wanda masana a Jami'ar Auckland suka fitar a 2017, yana auna ƙarfin ɗaga kafaɗa da miƙe yatsu cikin kwana 3 na farko. Idan ƙarfin ya gaza, sai a zaburar da ƙwaƙwalwa da na'urar maganaɗisu. Muddin tsokar hannu ta amsa, akwai fatan hannun ya farfaɗo cikin wata 3. Hoton MRI kuwa yana nuna girman ɓarnar. Da waɗannan ake tsara atisayen da ya dace da kowane majinyaci.