Tarihin Kris Kristofferson, Marubucin Waƙa Kuma Tsohon Whistler na Fim ɗin Blade

Duk wanda ya kalli Blade ba zai manta da dattijon nan mai furfura da ke haɗa wa Wesley Snipes makamai ba, wato Whistler. To, da yawa ba su san cewa mutumin nan ba fim ne asalin sana'arsa ba. Kris Kristofferson yana cikin manyan marubutan waƙoƙin kantiri da Amurka ta taɓa yi, wato salon kiɗan mutanen karkara da ake yi da jita, irin na su Don Williams da Dolly Parton da iyayenmu suka saba ji a rediyo.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 22 ga Yunin 1936 a garin Brownsville da ke jihar Texas. Mahaifinsa babban hafsa ne a rundunar sojin sama, har ya kai muƙamin Manjo Janar. Kris ya gama kwalejin Pomona a 1958, sannan ya samu tallafin karatu na Rhodes zuwa jami'ar Oxford a Ingila, inda ya karanci adabin Turanci. Daga nan ya shiga soja, ya zama matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya kai Kyaftin.

Ranar da ya ajiye kaki

A 1965 aka ba shi aikin koyar da adabi a West Point, babbar makarantar horar da hafsoshi. Maimakon ya karɓa, sai ya ajiye kaki ya nufi Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, wai shi waƙa zai rubuta. Iyayensa suka yi fushi har suka juya masa baya, aurensa na farko ma daga baya ya mutu.

A Nashville kam ya ga rayuwa. Mutumin da ya yi Oxford sai ga shi yana shara a situdiyon kamfanin Columbia. Wani lokacin kuma ya tafi tuƙa jirgi yana kai ma'aikatan haƙar mai cikin tekun Meziko. Don dai fitaccen mawaƙi Johnny Cash ya saurari waƙoƙinsa, har jirgi ya taɓa saukewa a harabar gidansa.

Waƙoƙin da suka ɗaga shi

Haƙuri ya biya. Johnny Cash ya rera "Sunday Mornin' Comin' Down", ta kuma zama waƙar shekara ta ƙungiyar CMA a 1970. A wannan shekarar Ray Price ya yi tashe da "For the Good Times". Sammi Smith ta rera "Help Me Make It Through the Night", wadda ta jawo wa Kris kyautar Grammy.

Amma bakandamiyarsa ita ce "Me and Bobby McGee". Janis Joplin ta naɗe ta 'yan kwanaki kafin rasuwarta a Oktoban 1970, waƙar ta hau lamba ɗaya a Amurka a 1971, ita ba ta ma gani ba.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yadda yake rubuta kaɗaici, talauci da nadama kai tsaye ba kwana-kwana, amma da zaɓen kalma irin na wanda ya karanci adabi. Muryarsa dai a shaƙe take, shi ya sa wasu ne suka fi fito da waƙoƙinsa.

Harkar fim

A 1976 ya fito tare da Barbra Streisand a A Star Is Born, ya ci kyautar Golden Globe. Heaven's Gate na 1980 kuwa ya yi mummunar faɗuwa a kasuwa, abin ya taɓa tauraronsa na wani lokaci. Matasa sun fi saninsa da Blade (1998), Blade II (2002) da Blade: Trinity (2004).

Ƙarshen rayuwa

A 1985 ya haɗu da Johnny Cash, Willie Nelson da Waylon Jennings suka kafa ƙungiyar The Highwaymen. An saka sunansa a zauren karrama gwarazan kiɗan kantiri a 2004. Ya yi fama da mantuwa har aka zaci cutar tsufa ce, sai a 2016 aka gano cutar Lyme ce, wadda cizon kaska ke kawowa. An sanar da ritayarsa a 2021.

Ya rasu ranar 28 ga Satumban 2024 a gidansa da ke tsibirin Maui na Hawaii, yana da shekara 88. Ya bar matarsa Lisa da 'ya'ya 8.